Zancen iri da ka tambaye ni

Ɗana, saƙonka ya iso, har da hotunan littafin nan na masu sayar da iri da ka ce ana turo maka ta gidan waya duk watan Janairu, lokacin da ƙanƙara ta rufe ɗan lambun naka a can Amurka. Ƙanwarka ce ta buɗe mini su ɗaya bayan ɗaya. Tumatir har da baƙi, kabewa kamar an zana ta, kowanne da sunansa da kuɗinsa a dala. Da ta karanto tambayar taka sai da na yi dariya: wai da gaske ne a wurinmu abin kunya ne mutum ya sayi iri, kuma in haka ne, kai da kake yin oda ta intanet ka saɓa al'ada ke nan? Bayan dariyar kuma jikina ya yi sanyi. Ɗan gidanmu ne yake tambayar abin da a da yaro ɗan shekara bakwai ya sani ba a faɗa masa ba.

Ka ce waɗanda suka fi kwanta maka su ne waɗanda suke kira irin gado, kamar kuɓewar nan Clemson Spineless da ake nomawa tun 1939. Ka kuma ba ni labarin ƙungiyar Seed Savers Exchange, da aka fara a 1975 da irin tumatir da na wani fure da wani tsoho ya damƙa wa jikarsa, waɗanda iyayensa suka taho da su daga Jamus. Allah ya saka wa tsohon nan. Amma da na ji 1975 sai hankalina ya tafi wani wuri, don a shekarar ce cuta ta cinye mana gyaɗa a Arewa, ganye ya dunƙule, gonaki suka tashi a banza. Kafin ita ma akwai wadda ta fi ta zafi.

Shekarar da aka canja kuɗi daga fam zuwa naira, 1973, ina da shekara goma sha biyar, a ƙauyenmu na arewa da Gumel. Gero ya fitar da kai, yana bununi, ruwa ya ɗauke. Muka yi ta duban gabas har wuya ya gaji. Gonar da take ba mu dami ɗari, abin da muka ɗaure bai kai ashirin ba. Duk da haka kafin a sa wuƙa, Baba ya shiga tsakiyar gona shi kaɗai, ba ya ɗaukar na gefe, ya riƙa zaɓen zangarniyar da ta cika har baki duk da ƙishin da ta sha. Ya kawo wa Iya, kakarmu. Ita ta sussuke da hannunta, ta shanya a inuwa, ta gauraya da toka, ta zuba a wani tsohon tulu, ta liƙe bakin da laka, ta tura ƙarƙashin gadonta na kara.

Kafin bazara rumbu ya ƙare. Shanun da aka kai kasuwar Maigatari ba mai taya su. Tafasa muke ci, da dusa, da duk ganyen da ba ya kisa. Mahaifinka, ƙanena, yana ɗan shekara huɗu, da dare kukansa ko ƙarfi ba shi da shi. Wata rana Iya ta fita gaisuwar mutuwa, na shiga ɗakinta, na jawo tulun, na fasa lakar da ƙotar lauje. Niyyata in ɗebi tafi biyu in daka masa gumba. Hannuna na ciki ta ɗaga asabari.

Ba ta doke ni ba, kuma har yau da ta doke ni da ya fi mini sauƙi. Zama ta yi a bakin gado, ta ce in buɗe hannun. Ta dubi geron, ta dube ni, ta ce, "Wannan in ka daka, loma uku ne, gobe ya sake kuka. In ka bar shi, dami ne." Ta sa na mayar, har wanda ya maƙale a tsakanin yatsuna. Daga nan ta kwance bakin zanenta ta ciro ƙuli-ƙuli guda biyu da aka ba ta a gidan makokin, ta ce in jiƙa wa yaron. Da yamma ita da kanta ta kwaɓa laka ta sake liƙe tulun, ba ta taɓa gaya wa Baba ba.

Da hadari ya fara haɗuwa Baba ya so a yi binne da irin duka, a riga kowa. Ta ce a'a. Ta raba shi ƙwarya uku, ta ba shi ɗaya. Aka yi yayyafi, ya tsiro, rana ta ƙone shi. Ta ba da ta biyu bayan ruwa mai ƙarfi, ita ce ta kama. Ta ukun kuwa, mata suka riƙa shigowa bayan magariba, kowace da ɗan ƙoƙonta a cikin mayafi, don gidajensu an cinye iri tun rani. Ba ta karɓi ko kwabo ba. Cewa take, "Iri ba a sayar wa maƙwabci, bashi ne, gona ce take biya." Da kaka kuwa kowa ya kawo mata zangarniya. Wasu da suka sayo dawa a kasuwa suka shuka, ashe ta ƙasar kudu ce mai son dogon ruwa, ta yi kara har ta fi mutum tsawo, damina ta wuce ba ta fitar da kai ba.

Shi ya sa da ka ce yakuwarka ta yi tsawo ta yi ganye, sanyi ya kashe ta ba ta yi 'ya'ya ba, ban yi mamaki ba. Yakuwa ba ta fure sai yini ya fara gajarta, ku kuma can kafin yini ya gajarta sanyi ya ƙaraso. Baba yakan ce iri ya san ƙasarsa kamar yadda jaki ya san hanyar gida.

Kada ka ɗauka ni maƙiyin sabon iri ne. Ina shuka sabon geron nan Sosat, yana nuna da wuri, ya fisshe mu a shekarun da ruwa ya yi gardama. Malaman cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya sun yi aiki a kan dawa da wake da gyaɗa, ba mai musun wannan. Abin da yake damuna shi ne yaran yanzu ba sa bambancewa. Su sayi masara mai aure, ta yi kyau, su ɗebi iri daga cikinta, baɗi ta fito wata doguwa wata gajera, su ce an cuce su. Ba a cuce su ba, haka mai aure take, 'ya'yanta ba sa gadon kamanninta. A littafin naka duk wanda ka ga an rubuta F1 a jikinsa, wannan ne, ci za ka yi, kada ka ajiye. Sauran kuwa ajiye. Kuɓewa ka bar 'ya'yan farko na uwar da ta fi lafiya su bushe a jikinta har su fara tsagewa, kuma kada ka haɗa kala biyu kusa da juna, ƙudan zuma zai gauraya maka su. A da ko amarya za a kai, sai uwarta ta ƙulla mata irin kuɓewa da na yakuwa a tsumma. Yanzu akwati nawa ake jerawa, ba ko ƙulli ɗaya.

Ni ma ba zan wanke kaina ba. Geron nan na Iya a hannuna ya ɓace. Shekarun da na tafi aiki Kano na bar gona a hannun yara, na dawo na tarar an cinye an sayo wani. Na zaga ƙauyuka huɗu ina tambaya, ana nuna mini mai kama da shi, amma ba shi ba ne, nasa kan yana da gashi da tsuntsu ba ya so. Yakuwarta dai tana nan wurin gwaggonka, a gora, rataye a saman murhu inda hayaƙi yake korar ƙwari. Tunda ka ce hukumar can ba ta yarda a shiga da iri sai da takarda, ka nemi takardar kafin ka zo.

Zancen ko kunya ce, mutane suna sayen iri a kasuwa tun muna yara, ba wanda ya hana. Sai dai akwai kallon da ake yi wa magidancin da duk shekara sai an gan shi yana awon gero ana gobe shuka. Wannan kallon ba zai faɗu a waya ba, sai ka zo da sallah mu zauna a zaure. Ka gaida mai ɗakinka da yara, kuma in kuɓewar nan ta 1939 ta yi, ka turo mini hotonta a tsaye a gona, ba a faranti ba.