Sauti ya fito, ai ba shi ne lafiyar lasifika ba

Wato tambayarka ita ce yadda ake gane lasifikar laftof lafiya take, kuma ka ce ka sa waƙa ka ji tana tashi, ko bai isa ba? Bai isa ba. Ajiye wayar nan da kake latsawa ka saurare ni, don ba na maimaita magana.

Yawanci lasifika biyu ce a ciki, hagu da dama. Ɗaya na iya mutuwa ɗayar ta rufa mata asiri, kai kuwa kana ta gyaɗa kai kana bin waƙa. Danna maɓallin Windows da R, ka rubuta mmsys.cpl, ka danna lasifikar da maɓallin dama na maus, ka zaɓi Test. Ƙararrawa za ta buga a hagu, sannan a dama. Kunnenka za ka kai kusa, ba daga nesa ba. Daga nan ka ƙure murya da abu mai ganga. Wadda ta yage ba ta tona kanta a ƙaramar murya, sai an matsa mata take fara zizari.

Kuma a gaban mai kaya za ka yi, kafin ka taɓa sukudireba. Ka san abin da ya sa nake nanata wannan?

Wani ya taɓa kawo mini HP a canza masa kibod. Babbar riga, carbi a hannu, sai sauri yake wai zai kama hanyar Zariya. Na ce a gwada komai tukuna, ya ce haba Malam, ai mu ba ma haka da kai. Na yi masa aikinsa tsaf, har farashi na rage masa. Ba a rufa mako ba sai ga shi da ƙannensa biyu, yana ɗaga murya a bakin shago wai na cire masa lasifika ta asali na sa jabu. Mutane suka taru, masu shayi ma sun baro tebur. Na buɗe ta a gaban kowa. Ta hagun a yage take, an shafe ta da sufa gulu, gam ɗin har ya yi ruwan ƙasa don tsufa, ƙura ta kwanta a kai. Makaho ma ya shafa ya san ba aikin jiya ba ne. Mutumin nan ya dubi tsabar idona ya ce ni na shafa. Dattawan layi suka ce a bar kaza cikin gashinta, kai ne mai shago, yi haƙuri. Na sayi sababbi biyu da kuɗina, na ɗaura kyauta, ko na gode babu. Kuɗin bai dame ni ba kamar kallon da maƙwabta suka riƙa yi mini. Daga baya na ji ashe wani mai gyara ya fara kai wa, aka faɗa masa kuɗin lasifika, ya ce zai dawo.

Idan shiru ka ji gaba ɗaya, kada ka yi garajen kwance ta irin naku na yaran yanzu, da kun kalli bidiyo ɗaya a YouTube kun zama injiniyoyi. Maganar murya a kashe ko direba, wato manhajar da ke tafiyar da sauti, ba zan ɓata bakina ba. Soka iyafis. In ya yi magana, sashen sauti na bod, wato babban allon cikin kwamfutar, yana da rai, sai ka zargi lasifika, ko wayarta, ko ramin iyafis ɗin kansa, don wani lokaci yakan maƙale kwamfuta ta ɗauka har yanzu akwai abu a ciki. HP na da gwajinta ta Esc sannan F2 lokacin kunnawa, Dell kuma F12, ba ruwansu da Windows.

In ta kai ga buɗewa, zare wayar lasifikar ka ɗora mata mitar awon lantarki. Yawancinsu mita kan nuna om 4 ne ko 8, in mita ba ta motsa ba ta ƙone. Duba maganaɗisun kuma, yakan janyo ɓurɓushin ƙarfe ya hau kan fatar lasifikar, ka share zizarin ya tafi ba ka sayi komai ba. Ka kuma tambayi mai ita ko yana ƙara murya ta wuce 100 a VLC, manhajar kunna bidiyo, masu kallon fim da yawa ta nan suke yaga nasu.

Tashi ka ɗauko Dell ɗin can ta kan benci ka gwada ina kallo, hagu daban, dama daban.