Amsa ga ƙanina mai shirin kama haya a Manchester

Salamu alaikum ƙanina. Na ga saƙonka, Allah ya sanya albarka a karatun. Ka ce ka samu wani a Facebook yana da ɗaki a unguwar Longsight, shi ne mai gidan da kansa, babu dillali a tsakani, kuma yana so ka tura kuɗin wata biyu tun kana Kano don ya riƙe maka kafin Satumba.

Kada ka tura ko sisi.

Na san abin da ya ja hankalinka. A Kabuga ko Rijiyar Zaki, wanda ya tsallake dillali ya tsira da la'ada, sannan bincike ba wuya: ka tambayi mai shagon bakin layi, ka gaisa da liman, mai unguwa ya san wanda ya gaji gidan. A nan babu wanda zai tsaya maka haka, takarda ce kaɗai shaidarka. La'adar da kake gudu ma babu ita, domin tun 2019 doka ta hana dillalai a Ingila karɓar irin wannan kuɗi daga ɗan haya. Mai gida ne ke biyansu.

Ba wai haya kai tsaye laifi ba ce. Ni ma a hannun mai gida nake zaune, idan famfo ya lalace shi nake kira, ba sai na bi ta wani ofis ba. Ana samun irin waɗannan masu gida a shafukan intanet na OpenRent da SpareRoom. Amma sai ka shiga gidan da ƙafarka. Ka fara sauka a masaukin jami'a ko wurina na 'yan kwanaki, mu je tare. Ana iya biyan 'yan fam kaɗan a shafin HM Land Registry, hukumar rajistar filaye da gidaje, a ga sunan mamallakin gida. In bai zo ɗaya da na mutumin ba, magana ta ƙare.

Kafin alƙalami, wato kuɗin riƙe maka ɗaki, ba ya wuce hayar mako 1. Kuɗin ajiya na ɓarna ba ya wuce hayar mako 5 a irin gidajen da ɗalibi ke kamawa, kuma mai gida ba zai riƙe shi yadda ya ga dama ba: dole cikin kwana 30 ya yi masa rajista a ɗaya daga cikin tsare-tsaren kare kuɗin ajiya da gwamnati ta amince da su, wato DPS, TDS ko mydeposits, ya ba ka shaida. Nan ne 'yan uwanmu suke faɗawa rami, don kunya. Sai a ce ai Musulmi ne, ko ɗan Najeriya ne, ba a yi rubutu ba, ranar tashi kuma a rasa mai raba gardama. Ka lura kuma, idan gida ɗaya za ku zauna da shi kuna haɗa kicin, wannan kariyar ba ta hau kanka ba, kuma fitar da kai ba ya masa wuya.

Mai gida na gaskiya zai nemi shaidar izinin zamanka a ƙasar, doka ce ta ɗora masa. Wanda bai tambaya ba, ni tsoronsa nake ji. Kai kuma ka nemi takardar duba gas ta shekarar.

In mun je, ka leƙa bayan kabad da kusurwar taga. Yawancin gidajen Longsight da Rusholme tsofaffi ne, danshi da fumfuna suna kama bango, kuma ɗumama ɗaki a Janairu yana cin kuɗi sosai, don haka ka tambaya ko gas da lantarki suna cikin hayar. Harajin ƙaramar hukuma ba a karɓa daga cikakken ɗalibi, sai dai ka karɓo takarda daga jami'a. Unguwar kam za ta yi maka daɗi, ga masallatai ga naman halal a kusa, bas kuma ba ta yankewa a Wilmslow Road da ke Rusholme.

Turo min ranar saukarka da lambar jirgi. Ka gaida Hajiya, ka ce ta sako min yaji da kuka a jakarka.