Wufa biyu na ƙona cikin wata huɗu: in ƙara girman amfilifaya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da wufa, wato babbar lasifikar bes, mai inci 12 a but ɗin motata, an rubuta wat 1400 a jikinta, a ƙasa da ƙananan baƙaƙe an sa RMS 400, koyil biyu ne masu om 4 kowanne, an haɗe su sun koma om 2. Amfilifayata kuma kwalinta ya ce wat 3000, fis biyu ne a jikinta masu lamba 20. Wannan ce wufa ta uku da na saya, biyu sun ƙone. Mai haɗa min ya ce amfilifayar ce ta yi ƙarama, in nemo mai wat 5000. Kuɗina sun ƙare, ina tsoron wannan ma ta tafi. Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Riƙe kuɗinka tukuna, kada ka sayi komai.

Lambar nan ta 3000 ado ce ta kwali, haka ma 1400 ɗin. RMS, wato ainihin ƙarfin da na'ura ke iya bayarwa ko jurewa ba tsayawa, shi kaɗai ake kwatantawa da RMS, a kan om (ma'aunin turjiyar koyil ga wuta) ɗin da aka yi haɗin. Tunda taka amfilifayar ba ta faɗi gaskiya ba, fis ɗinta zai tona ta. Fis biyu masu lamba 20 sun ba da amfiya 40. Mota na kunne batir yana kai wajen volt 14.4, ka ninka su ka sami wat 576, iyakar abin da za ta iya ja ke nan. Cire kusan kashi ɗaya cikin huɗu da ke tafiya a zafi, saura wat 430 ko kusa da haka. Lissafin kintace ne, amma ya isa ya nuna maka cewa ita da wufarka mai 400 tsara ne. Ka riga ka dace da haɗi, ba ka sani ba.

To me ke ƙona maka kaya? Tun ban ga motar ba, zan iya cewa ka je ka leƙa ɗan maɓallin da aka rubuta wa GAIN a gefen amfilifayar. An murɗe shi har ƙarshe. Kusan kullum sai an kawo min irin wannan, kuma maganar ɗaya ce: "Ai mai haɗawa ya ce a buɗe shi duka don ƙarfin ya fito." Wallahi maganar nan ta ci wufa fiye da yadda ruwan sama da zafin rana suka ci. Wannan maɓalli ba na ƙara murya ba ne. Aikinsa ya daidaita amfilifaya da abin da rediyon motar ke aiko mata, don wani rediyon volt 2 yake fitarwa, wani 4. In ka buɗe shi duka, amfilifayar takan kai maƙurarta tun murya tana rabi. Duk abin da ka ƙara bayan nan ba ta da inda za ta samo shi, sai ta riƙa datse kan sautin tana tura shi a murƙushe. Datsattsen sauti kuwa yana iya ɗaukar wuta har kusan ninki biyu na lafiyayye. Ka ga koyil da aka yi don 400 yana shan abin da ya wuce ƙarfinsa, ba hutu, daga Zariya har Kaduna. Gam ɗin da ke riƙe da wayar koyil ya narke, ka fara jin ƙaurin nan kamar an bar dutsen guga a kan leda, washegari ka danna takardar wufar da hannu ka ji tana ƙarar gogayya. Ta gama.

Abin da ya fi ba ni haushi, mutumin da ya murɗe maɓallin da bakin sukundireba shi ne zai naɗa maka sabon koyil ka biya, ya mayar da wufar but bai taɓa saitin ba, in ta sake ƙonewa ya ce jabu ka sayo. Yanzu kuma zai tura ka sayen mai 5000 ya murɗe ta haka nan. Da mai ƙarfin gaske ka samo, wufar ko sati ba za ta yi ba. Ga kuma BASS BOOST, maɓallin ƙara bes, da suke haɗawa da shi: kowane desibel 3 (ma'aunin ƙarfin sauti) da ka ƙara, ninka wutar ka nema. Ka kai shi 12, ka nemi ninki 16 ke nan daga na'urar da ba ta da ko biyu.

Saitin ba ya cin minti goma in akwai mitar auna volt. Cire wayar wufa daga amfilifaya, kashe BASS BOOST da duk wani ƙarin bes na rediyo, mayar da GAIN ƙasa gaba ɗaya. Tayar da mota, kunna sautin gwaji na haz 50, ka kai murya kashi uku cikin huɗu. Sa mita a kan AC a bakin inda wayar wufa ke fita, ka riƙa ɗaga maɓallin a hankali. Wat 400 sau om 2 ya ba da 800, tushensa kuma, wato lambar da in ka ninka ta da kanta za ta ba da 800, shi ne 28 da 'yan kai, don haka volt 28 ne iyakarka. Ni da ni ne, tunda ba mu da tabbacin ƙarfin amfilifayar, a 26 zan tsaya. Daga ranar, wannan kashi uku cikin huɗun shi ne ƙarshen muryarka.

Za ka ji kamar bugun ya ragu a kwanakin farko. Abin da ya tafi ƙarar murƙushewa ce da kunnenka ya saba da ita. In fitilun gaba suna lumshewa duk sanda bes ya buga, duba kaurin wayar da ta taso daga batir da inda aka ɗaure wayar ƙasa a jikin ƙarfen motar, ka kuma tabbatar akwai fis kusa da batir ɗin kafin wayar ta ratsa ƙarƙashin kafet.