Tambayi Likita: Maganin ciwon damuwa na Amitriptyline

Wata baiwar Allah daga Ƙofar Ƙaura: Likita, kwana goma ke nan ina shan Amitriptyline saboda ciwon damuwa. Ƙuncin zuciyar yana nan, ga bakina yana bushewa kamar mai azumi, ga barci har hantsi. In daina?

Allah ya ba ki lafiya 'yar'uwa, kada ki daina. Wannan magani wahalarsa kan riga amfaninsa zuwa. Bushewar baki, nauyin barci, taurin bayan gida da jiri in an miƙe da sauri, duk tun makon farko suke bayyana. Sauƙin zuciya kuwa sai an yi mako 2 zuwa 4, wani har 6. A wannan gaɓar nake yawan ganin an ƙulle ƙwayoyin a leda an tura ƙarƙashin katifa, wai magani bai karɓe su ba, kuma abin yana damuna ƙwarai. Ki riƙa sha da dare, awa biyu kafin ki kwanta. Ki ajiye gorar ruwa kusa, musamman da zafin nan namu na bazara, ki yawaita ganye kamar zogale da rama. In kin farka, zauna a bakin gado kafin ki miƙe. Amma in kin ji bugun zuciya ya rikice, ko fitsari ya ƙi fita, ko tunanin kashe kanki ya zo miki, a ranar za ki je asibiti.

Wani magidanci daga Daura: Na warke, amma abokai na cewa ƙwaya ce, zan kamu da ita.

Malam, ba ya sa maye ko kwaɗayi irin na Tramadol. Sai dai jiki ya saba da shi, in ka yanke rana ɗaya za ka sha ciwon kai, tashin zuciya da rashin barci. Ka ci gaba aƙalla wata 6 bayan samun sauƙi, sannan likitanka ya rage maka a hankali. Tramadol ɗin ma kada ka haɗa su, suna iya jawo jijjiga.

Wata uwa daga Sabuwar Unguwa: Maƙwabciyata ba ta barci, in sam mata nawa?

A'a Hajiya. Ba ki san lafiyar zuciyarta ko ta idonta ba. Ki raka ta Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina a duba ta. Naki kuma ki kulle shi a akwati, don 'yan ƙwayoyi kaɗan na iya halaka ƙaramin yaro.