Toshe masu turo saƙon banza a Postfix

Malam, ka ce kana toshe adireshin imel na mai damun ka a Postfix, manhajar sabar imel, amma washegari ya dawo da sabon suna. Ai dole, domin adireshin da ke jikin saƙo kowa na iya ƙirƙirar sa. Lambar IP ta sabar da ta turo ce ke da wuyar ɓoyewa.

Buɗe mail.log ka nemi layin "connect from", lambar na nan. Rubuta ta a fayil tare da REJECT, ka gudanar da postmap a kansa don ya mayar da shi tsarin da Postfix ke karantawa, ka nuna wa check_client_access fayil ɗin a main.cf, fayil ɗin saitin Postfix. Da yawa kan manta postmap, su zauna suna mamakin abin bai canza ba.

Sai dai bin su ɗaya bayan ɗaya aikin baban giwa ne. Ƙara reject_rbl_client zen.spamhaus.org, wanda ke duba jerin lambobin IP na masu turo saƙon banza da ƙungiyar Spamhaus ke tarawa, amma bayan permit_mynetworks da permit_sasl_authenticated, kada ka rufe wa ma'aikatanka ƙofa. Ka kula, Spamhaus ba ya amsa tambayar da ta biyo ta 8.8.8.8, sabar DNS (mai fassara suna zuwa lambar IP) ta Google, don haka kafa naka DNS, manhajar Unbound ta isa.

Don Allah kada fushi ya sa ka toshe gmail.com gaba ɗaya, abokan cinikinka da yawa can suke.