Gwamnati ta riƙa ba kowa kuɗi duk wata ba sharaɗi, zai yi ko ba zai yi ba?

Malam ka tambaya ko ya dace gwamnati ta riƙa tura wa kowane ɗan ƙasa kuɗi duk wata, mai aiki da marar aiki, ba tambaya ba sharaɗi. To ni dai daga Argungu nake, kuma gaskiya rabin zuciyata na tare da abin.

Ka duba manomin shinkafa a fadama, damina ta zo ba kuɗin taki sai ya ci bashi wajen ɗan kasuwa, da kaka ya biya da buhu a wulaƙance, da yana da ko dubu goma tabbas duk wata wallahi ba zai sa wuyansa a wannan igiyar ba. Kuma tunda na kowa ne babu zancen sai kana da ɗan siyasa kafin sunanka ya shiga lis. Masu cewa mutane za su kwanta su daina nema, Finland ta gwada a 2017 zuwa 2018, mutum 2,000 marasa aiki, yuro 560 duk wata, ba su daina neman aiki ba, hankalinsu ma ya fi kwanciya.

Amma fa lissafin ne ke kashe ni. Mun haura miliyan 200, dubu goma-goma kawai tiriliyan 2 ke nan a wata, 24 a shekara, alhali kasafin 2024 gaba ɗaya wajen tiriliyan 28 ne. Asibiti fa? makaranta fa? In kuma aka buga sabbin kuɗi mudun shinkafa ne zai tashi ya cinye dubu goman. Su kansu 'yan Suwizalan da kuɗinsu sun kaɗa ƙuri'a a 2016 suka ce ba sa so.