Bututun salansa: inci 2.5 ko inci 3? Ga abin da ya same ni

Ɗan'uwa, ina ganin tambayarka gabana ya faɗi, don kamar labarina ka kwashe. Injin lita 2 mai turbo (na'urar da ke tura ƙarin iska cikin inji), kana neman ƙarfin doki 350, makanike ya ce ka zauna a inci 2.5 wai turbo na son hayaƙi ya ɗan dake. Wallahi maganar da aka yi mini ke nan, kuma ba gaskiya ba ce. Wannan lissafin na injin da ba turbo ne. Turbo kuwa, hayaƙi ne ke juya farfelarsa, duk abin da ya tare hanya a bayanta ya hana shi tashi da wuri, ga zafi yana taruwa.

Ni mai waldana ne ya cuce ni. Na ce inci 3, ya ce to. Ashe da injin matsa ya lanƙwasa bututun, kowace kwana ta tsuke kamar an taka gwangwani. Na leƙa ƙasan motar na nuna masa, ya dube ni ya ce ai hayaƙi ba ya gardama, ko'ina bi yake. Har yau idan na tuna wannan dariyar tasa raina ɓaci yake. Ko haƙuri bai ba ni ba, sai ma cewa ya yi na cika iyayi. Sau 3 ina komawa, ƙarshe na haƙura na bar shi da Allah.

Ka sa inci 3. Kada ka raina rabin incin nan, faɗin bakin ya ƙaru da kusan kashi 44 cikin 100. Inci 2.5 yakan fara shaƙewa wajen doki 300. Kuma ka fi damuwa da bututun farko da ke fitowa daga bakin turbo, nan hayaƙi ya fi zafi da kumbura. Can baya ya huce, ko ka rage zuwa 2.5 asarar ba yawa. Kwanonin dai ka sayi waɗanda aka lanƙwasa ba su motse ba.

Amma don Allah kada ka yi gangancin da na yi bayan na gyara. Hanya ta buɗe, ƙaramar ƙofar wesget, wadda ke karkatar da hayaƙi daga turbo don kada matsin iska ya wuce kima, ta kasa zubar da rarar hayaƙi, matsin iska ya riƙa hawa shi kaɗai. Ni kuma daɗi ya ɗebe ni, na taka totur a giya ta 4 ban je an sake saita kwamfutar injin ba. Sai farin hayaƙi, gasket ya ƙone. Na zauna bakin titi da dare, hannuna na rawa, na kasa ko kiran gida.

Af, ga batun ƙara. Kada ka cire ƙaramar tukunyar tsakiyar salansa mai rage ƙara. Na cire tawa, gurnanin da take yi a doguwar tafiya har maiɗakina ta daina shiga motar. Wane turbo ne ma a kanta, na kamfani ko ka canja?